Faɗuwar 'Yandoto da Saɓanin Riwayoyi a Tarihin Gusau, Tsafe da Bungudu

'Yandoto, wadda kufanta ke kusa da Tsafe, tana cikin tsofaffin garuruwan malamai na Katsina Laka, wato kudancin ƙasar Katsina ta dā. Riwayar Katsinawa ta ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya karɓe sarauta daga hannun Durɓawa a ƙarni na 15. Garin yana da tsohuwar alaƙa, ke nan, da gidan sarautar da masu jihadi suka tashi kawarwa, kuma ta nan za a fahimci inda malamansa suka tsaya bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804.

Saɓaninsu da jama'ar Shehu bai shafi mazhaba ba. Duka ɓangarorin Malikawa ne, Risala da Muhtasar ɗaya suka karanta. Inda aka raba gari shi ne hukuncin sarakunan Hausa da masu mara musu baya. Jama'ar Shehu ta tsaya a kan cewa wanda ya jiɓinci kafirai wajen yaƙar Musulmi ya shiga hukuncinsu. Malaman 'Yandoto ba su karɓi wannan ba, har suka kori magoya bayan Shehu daga cikinsu.

Wajajen 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya sauka da runduna kusa da garin. A Infaƙul Maisur, wanda ya kammala a 1812, ya ce ya aika musu su fito a yi munazara: in gaskiya na wajensu jama'a ta tuba, in kuwa tana wajen jama'a su bi. Suka ƙi ko da ganinsa, aka ci garin. Labarin ya nuna su masu taurin kai da gudun hujja, amma mai takobi a hannu ne ya kira munazarar, kuma shi ne ya rubuta yadda ta watse. Wannan bai mai da labarin ƙarya ba; shaida ce dai ta ɓangare guda.

Muryar adawa ta fito ne daga Barno. Muhammadu al-Kanemi, a wasiƙunsa, ya zargi masu jihadi da kafirta Musulmi saboda saɓo, da watsar da littattafai a kan hanya. Bello ya amsa cewa a wani gari da aka ci ya ga iska na kwasar takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, kuma ya danganta ɓarnar da rigimar ganima. Manazarta da dama suna ganin 'Yandoto ake nufi, kuma mutanen yankin har yau suna ba da labarin littattafan da suka salwanta.

Abin da takarda ba ta riƙe ba, laƙabin sarauta ya riƙe. Malam Sambo ɗan Ashafa, mabiyin Shehu da ya bar 'Yandoto, shi ya kafa Gusau, kuma magadansa na amsa Sarkin Katsinan Gusau, alamar cewa sun gaji ikon Katsina Laka. Sarkin Tsafe yana amsa 'Yandoton Tsafe, wato sunan garin da aka rushe bai bar gadon sarauta ba. Na Bungudu kuwa Sarkin Fulani ne.

Kwatanci da Koriya yana da amfani a nan. A daular Coson, malaman Konfushiyas da ke fada sun rabu 'yan gabas da 'yan yamma a 1575, su ma littattafansu ɗaya, kowa na kiran ɗan'uwansa karkatacce. Da 'yan yamma suka kama mulki a 1623, sai suka ga kundin tarihin Sarki Sonjo, wanda abokan hamayya suka tsara, ya ci zarafin magabatansu. Suka rubuta gyararre, aka kammala a 1657, amma ba su ƙona na farkon ba, sun ajiye su tare. Mai bincike kan 'Yandoto ba shi da wannan gata. Hujjar da ta fi kusa da ta malamanta ita ce ta al-Kanemi, kuma ita ma an fi saninta ne ta hanyar Bello, wanda ya kwafe wasiƙun cikin littafinsa domin ya yi musu raddi.