Kunne Kafin Alƙalami: Karin Waƙa a Birnin Zazzau

Duk wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, Tudun Wada zai nufa, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945. Ta wannan hanya waƙoƙin malaman birni da dama suka bi, daga bakin mai rerawa da takardun ajami zuwa littafin boko. Mun samu riba a wannan tafiya, amma akwai abin da ya salwanta a hanya.

Malamanmu na da sun gaji ilmin arula ne daga Larabawa. Halilu ɗan Ahmadu na Basra shi ya tsara karuruwa 15 a ƙarni na 8, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16. Sun zauna wa Hausa daram, domin ita ma gaɓoɓinta iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi. Cikin wannan gado Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya tsara waƙoƙinsa irin su Tabarƙoƙo.

Sai dai babban darasin yana wajen Malam Aliyu Namangi, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne tun yana yaro, bai taɓa ƙirga baƙaƙe a takarda ba. Karin Imfiraji kuwa daga kiɗan caji ya samo asali, wanda jama'a ke rawa da shi a dandali. Malam ya ɗora wa'azi da begen Annabi a kai, baiti bayan baiti, waƙa bayan waƙa, karin bai sauka daga kan turbarsa ba. Kunne ne ma'auninsa.

To, ina gizo ke saƙa? Ajami yana nuna dogon wasali, bokon da muke rubutu da shi yau da kullum ba ya nunawa. Mu ɗauki "fara" ta farar riga da "fara" ta soma aiki. A ido ɗaya suke, amma gaɓar farko ta farar riga ba ta da nauyi, ta soma aiki kuwa tana da shi. Marubucin da ya dogara da ido zai ƙirga gaɓoɓi takwas a kowane ɗango, ya dace da amsa-amo, ya ɗauka ya gama. Ranar da aka tashi rerawa, sai a ji baiti na uku yana ɗingishi.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, mu riƙi baitin farko a matsayin awo. Kowane baiti ya biyo baya, mu rera shi a fili da wannan muryar, muna buga yatsa a tebur. Inda harshe ya tilasta mana jan gajeren wasali ko haɗiye dogo, kalmar za mu sauya, kari ya tsaya yadda yake.