Yadda tausar kai ta Indiya ta haifi kalmar shamfu

1/ Jama'a, yau tarihin shamfu na kawo muku. Kalmar asalinta Hindi ce, champo, wato "danna" ko "tausa". Da farko ba ruwanta da kumfa ko sabulu. Ku biyo ni.

2/ A Indiya ana kiran tausar kai champi. Uwa kan zaunar da 'yarta a gabanta, ta ɗumama mai, ta riƙa murza shi a fatar kai da yatsu. Maza kuma wanzami ke yi musu bayan aski. Tsohon littafin likitancinsu, Charaka Samhita, ya yi maganar shafa mai a kai kullum.

3/ Man ya danganta da abin da yanki ke nomawa. Kudu, irin su Kerala, man kwakwa. Arewa da Bengal, man mastad mai ɗan zafi, musamman da sanyi. Masu maganin gargajiya sun fi yarda da man riɗi. Akan dafa amla, wani ɗan itace mai tsami, ko ganyen bhringraj a ciki.

4/ To ya ta isa Ingila? Sake Dean Mahomed, haifaffen Patna a 1759, ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan a 1810, jari ya karye. Sai ya koma Brighton ya buɗe gidan sirace da tausa da mai, ya kira aikin "shampooing".

5/ Kasuwa ta buɗe masa har ya zama mai tausar Sarki George na 4, da William na 4 bayansa. Ya rasu a 1851.

6/ Wajejen 1860 ma'anar ta karkata zuwa wanke gashi. Abin da ke ba ni mamaki ke nan: kalmar da ke tafiya da sa mai a kai ta koma sunan abin da ke wanke man. Kamfanoni suka ɗauki sunan, aka bar mai shi.

7/ Masu kallon Indiya, ku tuna Pyaasa na 1957: Johnny Walker na yawo da kwalbar mai yana tallar tausa. Wannan ita ce sana'ar champi.

8/ Ni dai a ganina, duk mai sayar da kayan gyaran gashi ya kamata ya san wannan suna: Dean Mahomed. Ku tura wa wanda bai sani ba.