Baba Talatin da Zuriyarsa: Nazari a Kan Baƙo da Asali a Ƙasar Kano

Kafin 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse da Ringim suna cikin Jihar Kano ne, kuma tarihin kasuwancinsu a ɗaure yake da na birnin. Shi ya sa mai nazarin wannan yanki ba zai tsallake Agalawa ba, 'yan kasuwar da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Azbin, suka ratsa Katsina, suka bazu a ƙauyukan Kano. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe hanyar Gwanja, kuma asalin Agalawa yana komawa ga Bugaje, talakawan da ke ƙarƙashin Abzinawa.

Gidan da aka fi sani a cikinsu ya faro ne daga Baba Talatin, wanda ya taso da iyalinsa daga Katsina ya sauka a Madobi. Ɗansa Abdullahi ya koma Bebeji, inda aka haifa masa Alhassan a 1877. Baƙo irinsu ba shi da sarauta, ba shi da gonar gado mai yawa. Jarinsa shi ne asali: ɗan'uwan da zai ba shi bashin kaya ba tare da shaida ba, da madugun da zai sa shi a ayari, da fatoman da zai sauke shi a Salaga. Sunan Agalawa, wanda a Azbin alamar ƙasƙanci ne, a zangon fatake sai ya zama shaidar amana.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne sunan gidan. Abdullahi ya rasu Alhassan yana ɗan shekara takwas, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Akara, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ga kaka attajiri, ga uba falke, amma sunan da ya bi zuriyar har yau na wannan baiwa ne: Ɗantata. Masu rubuta tarihin gidaje sukan jero maza, uba ya haifi ɗa, su wuce matan da suka riƙe gidan sa'ad da ya kusa watsewa. A nan baki ya fi alƙalami adalci.

Sauran labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka nemi masu saya musu gyada, Alhassan kuma yana da yaran da suka san kowace kasuwar ƙauye. Hanyar goro ta zama hanyar gyada. Da layin dogo ya miƙa zuwa Nguru ta Ringim da Malam Madori, gyadar gabashin Kano ta shiga dalar da ake ginawa a birni. A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, da raƙuma ashirin aka kai masa azurfarsa.

Alhassan ya rasu a 1955. Ɗansa Aminu ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote jikan Sanusi Ɗantata ne, wani ɗan Alhassan, ta wajen mahaifiyarsa, kuma da wuya a yau ka ji wani ya kira shi Ba'agale.