Igiyar Sarki: Yadda Ingila Ta Mai da Mai Saye Mai Laifi

A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, babu masana'antar da ta kai tashoshin ƙera jiragen yaƙi girma a Ingila. A Chatham da Portsmouth da Deptford, dubban kafintoci da maƙera da masu tufka igiya ne ke shiga da safe su fita da yamma. Kaya ma haka suke fita: ƙusoshi a aljihu, igiya a naɗe a ƙugu, ƙyallen jirgi a ƙarƙashin riga. A bakin ƙofa kuwa ga shagunan dillalan tsofaffin kayan jirgi, irin waɗanda a yau za a kira 'yan gwangwan, suna saye ba tambaya.

Matsalar hukuma ita ce hujja. Igiya dai igiya ce. Da zarar ta shiga shago, wa zai rantse cewa ta Sarki ce? Sai aka sa wa kayan shaidar da ba ta gogewa. Katako da ƙarfe aka buga musu tambarin kibiya mai kama da sawun kaza. Ƙyalle aka ratsa masa shuɗin layi a tsakiya. Igiya kuwa, tun wajen tufka ake cusa mata farin zare wanda aka murɗa saɓanin sauran, ta yadda ba mai zare shi sai ya warware ta duka.

A ƙarshen ƙarni na 17, zamanin Sarki William na Uku, majalisa ta ba wannan shaida ƙarfin doka. Duk wanda aka samu da kaya mai alamar Sarki, za a ƙwace kayan, ya kuma biya tarar fam 200, rabi na Sarki, rabi na wanda ya tona. Kuɗi ne da kafinta zai yi shekaru yana aiki bai tara ba. Amma ba girman tarar ne sabon abu ba. Sabon abu shi ne nauyin kawo hujja ya tashi daga kan hukuma ya koma kan mai riƙe da kaya. Ba sai an gano ɓarawo ba, ba sai an san ranar da aka yi satar ba. Kai ne za ka fito da takardar jami'an sojan ruwa mai nuna cewa a gwanjon hukuma ka saya. A 1800 aka ƙara tsanantawa, har mai karɓar irin kayan yana iya fuskantar kora zuwa ƙetare ta shekara 14.

Duk da haka satar ba ta tsaya ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ke kukan ana yi mata ɓarna ita ce ke riƙe albashin ma'aikata wata da watanni. Abin da ke riƙe da gidajensu shi ne wata tsohuwar al'ada da ta halatta wa kafinta ya tafi gida da guntayen katakon da suka rage, muddin ba su wuce ƙafa uku ba. Sakamakon ba ya buƙatar duba. Ma'aikata suka riƙa ajiye aiki kafin lokacin tashi, suna yanka lafiyayyen katako gunduwa-gunduwa don ya zama "saura". Samuel Bentham, wanda aka naɗa babban sufeton ayyukan rundunar a 1796, ya lura cewa matakalan gidajen da ke kewaye da tashar Portsmouth ba sa kai ƙafa uku a faɗi. Unguwa guda ke nan aka gina daidai da ma'aunin doka.

A 1801 aka soke al'adar, aka musanya ta da kuɗi: sisi a rana ga ƙwararren maƙerin jirgi, ƙasa da haka ga na baya da shi. Ita kuwa shaidar ta ci gaba da yaɗuwa. Dokar kayan gwamnati ta 1875 ta jera alamomin ɗaya bayan ɗaya, har da na kyandir: zare ja ko shuɗi a cikin lagwani.