Ina Alamar Waɗanda Suka Tari Nasara?

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya, za mu leƙa tarihi.

Ƙasar Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Bayan samun 'yanci, mutanen Koriya ta Kudu ba su bar waɗanda suka yi tirjiya sun ɓace ba. Kurkukun Seodaemun da ke Seoul, inda ɗaliba Yu Gwan-sun ta rasu a 1920 tana 'yar shekara 17, sun mayar da shi gidan tarihi a 1998. A Cheonan kuma sun buɗe katafaren zauren tunawa da gwagwarmayar 'yanci a 1987. Yaran makaranta na zuwa su gani da idonsu.

To mu fa? Ai mu ma muna da mazajen da suka tsaya. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar Kano ta wajen Kabuga, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya ƙi gudu, a gidan sarki aka kashe shi. Kafin watan ya ƙare Waziri Ahmadu ya kara da Nasara a Kwatarkwashi, can ya kwanta, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Alu kuwa kama shi aka yi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, tare da ɗaruruwan talakawa da malamai da suka bi shi hijira.

Sarakunan dai sunansu ya shiga littafi. Amma mayaƙan Kano ba daga birni kaɗai suka fito ba, hakimai kan tattaro su ne daga ƙauyuka. Manomin da ya ajiye fartanya ya ɗauki baka, wa ya rubuta sunansa? Yaron da ke karatu a Makoɗa ko Koguna, a ina zai tsaya a nuna masa cewa ƙasar nan ba a faranti aka miƙa ta ba?

Wani zai ce ai gunki ba al'adarmu ba ce. Gaskiya ne, kuma ba mai neman a sassaƙa mutum-mutumi. Allo na dutse ya wadatar: sunan wuri, shekara, da abin da ya faru, da boko da ajami. A kafa a Kabuga, a kafa a Kwatarkwashi, a riƙa kai ɗalibai.

Mu marubuta kuma namu aikin ya fi sauƙi. Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. A je a zauna da su, a rubuta, tun ran gini ran zane.

Allah Ya jiƙan magabata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.