Gasar silalom a kan ruwa: yadda ake raba ƴan wasa gwargwadon gwaninta

Silalom ɗaya ne daga cikin manyan rassa uku na wasan zamiya a kan ruwa, wanda Faransawa ke kira ski nautique. Sauran biyun su ne tsalle da kuma juye-juye. A silalom ɗan wasa na tsayawa a kan allo guda ɗaya, ƙafa gaba ƙafa baya, yana riƙe da igiyar da jirgi mai inji ke ja. Wani matashi Ba'amurke mai suna Ralph Samuelson ne ya soma zamiya a kan ruwa a 1922, a tafkin Pepin na jihar Minesota. An kafa ƙungiyar duniya ta wasan a 1946 a birnin Jeneba, wadda a yau ake kira IWWF, sannan aka yi gasar duniya ta farko a 1949 a Juan-les-Pins cikin Faransa.

Fili da ƙidayar maki

Tsawon filin mita 259 ne. Jirgi na bin tsakiya a miƙe, shi kuma ɗan wasa sai ya shiga ta ƙofar farko, ya kewaye ƙwallaye shida da aka ɗaure a kan ruwa, uku a dama uku a hagu, ya fita ta ƙofar ƙarshe. Tsakanin kowace ƙwallo da hanyar jirgi mita 11,5 ne. Kowace ƙwallo maki ɗaya ce, kuma ana ba da rabi ko kwata ga wanda ya kewaye ta amma bai komo tsakiya ba. Da ya faɗi ko ya tsallake ƙwallo, wasansa ya ƙare.

Wanda ya kammala shidan ana ƙara masa gudun jirgi da kilomita 3 a awa, har a kai iyaka: 58 ga maza, 55 ga mata. Daga nan sai a shiga rage igiya. Ana tashi daga mita 18,25 zuwa 16, sai 14,25, sai 13, 12, 11,25, 10,75, 10,25 da 9,75. Daga mita 11,25 igiyar ba ta ma kai ƙwallo, dole ɗan wasa ya kwanta ya cike saura da tsawon hannunsa da jikinsa. A 2013 Ba'amurke Nate Smith ya kafa bajintar duniya da ƙwallo biyu da rabi a igiyar mita 9,75.

Rabon shekaru da gazawarsa

A manyan gasanni ana raba mutane ne ta jinsi da shekaru: ƴan ƙasa da 14, ƙasa da 17, ƙasa da 21, rukunin buɗe na manyan gwanaye, sai rukunonin dattawa da ke farawa daga shekara 35, 45, 55 da 65. Iyakar gudu na sauka tare da shekaru, misali maza daga 35 ba a wuce musu kilomita 55.

Wannan tsari na da kyau a gasar ƙasa ko ta duniya, inda sai an tace ake shiga. A ƙaramar gasa ta kulob kuwa, mutane biyu masu shekara 25 na iya haɗuwa a rukuni guda, ɗaya ya tashi a wasan tun yarinta, ɗayan bara ya fara. Idan duka sun tashi daga gudun ƙarshe a mita 18,25, wanda ya kewaye ƙwallo uku a mita 13 ya tara maki 21, wanda ya faɗi bayan ƙwallo ta huɗu a zagayen farko kuma yana da 4. Sabon shiga ya biya kuɗin rajista da na mota, ya yi wasan da bai kai minti ɗaya ba, ya koma gida. Ire-irensa da yawa ba su sake dawowa, kuma kulob ɗin da ba ya samun sababbi a hankali yake mutuwa.

Rabon gwaninta

Don haka ne wasu masu shirya gasa ke raba mutane bisa abin da suke iya yi. Ma'aunin a fili yake, tun da gudu da tsawon igiya lambobi ne. Rukunin farko na masu koyo ne, waɗanda ake ja a hankali, wani lokaci a filin da aka matso da ƙwallayensa kusa da hanyar jirgi. Na biyu shi ne na masu kammala cikakken fili amma ba su kai gudun ƙarshe ba. Na uku na waɗanda suka soma rage igiya, sai na ƙoli na masu gajeriyar igiya. A Amurka ƙungiyar INT League ta yi suna da wannan tsari, yayin da hukumar wasan ta ƙasar ke jera ƴan wasa a matakai bisa matsakaicin makinsu, kuma da shi take tantance masu zuwa gasar ƙasa. A ƙananan gasanni akan ba mai koyo damar sake gwadawa bayan faɗuwar farko.

Akwai kuma hanyar rangwame: kowa na karawa da matsakaicin makin kansa, wanda ya fi zarce nasa shi ne zakara. Ta haka yaro da kakansa na iya shiga gasa guda.

Inda ake jayayya

Babbar matsala ita ce ɓoye gwaninta, wato mutum ya zauna a ƙaramin rukuni don ya dinga kwashe kyauta. Maganin da aka saba yi shi ne duba makin baya da kuma tilasta hawa ga duk wanda ya wuce iyakar rukuninsa. Matsala ta biyu ƙarancin mutane ne: idan rukunoni suka yi yawa, sai a tarar da mutum biyu kacal a rukuni, nasara ta rasa armashi. Masu goyon bayan rabon shekaru kuma na cewa karawa da wanda ya fi ka ita ce ke koyar da wasa, sannan makin da aka samu a ƙaramin fili ba ya shiga jerin hukuma. Shi ya sa galibi tsarin biyu ke tafiya tare: gwaninta a gasar kulob, shekaru a gasar ƙasa da ta duniya.