Ɗan Sarki a Kwalin Banda: Tarihin Kifin da Ke Ratsa Potiskum

Potiskum ba garin masunta ba ne. Da shanu aka san ta, da kasuwar Laraba mai tara dabbobin Borno da Nijar da Chadi, sai kuma tireloli da direbobinsu. Amma duk da ba ta da babban kogi a gindinta, kifin da ya ratsa ta a shekaru sittin ɗin nan ba kaɗan ba ne, kuma hanya ce ta jawo haka. Tun da aka dawo da fadar Fika zuwa Potiskum a 1924 garin ya fara zama mararraba. Titin Maiduguri da Damaturu ya shigo daga gabas ya rabu, wani ya nufi Azare da Kano, wani ya gangara Darazo da Bauchi da Jos, ga kuma wanda ya sauko daga Gashuwa ta Jakusko. Da yawa daga kifin Tafkin Chadi da ke neman kasuwannin yamma da kudu, nan ne mashigarsa.

Kafin zuwan mota, busasshen kifi a bayan jaki da raƙumi yake tafiya, tare da kanwar bakin tafki. Da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, sai ya janye kayan arewacin Yobe: gyaɗa, ƙaro, fatu, busasshen nama da kifin fadamun Haɗeja da Nguru. A wancan zamani Badawa ne gwanayen kogin Yobe, suna su da homa, suna iyo a kan gora, kuma har yau bikin kamun kifi na Gogaram shaida ne a kan wannan gado.

Zaren roba ne ya sauya sana'ar. Daga ƙarshen shekarun 1950 tarun da aka saƙa da shi ya fara maye gurbin na auduga, wanda ke ruɓewa da wuri. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Masuntan Hausa daga yankin Kabi da Sakkwato suka yi ta kwarara gabas, suka tarar da Buduma da Barebari, garin Baga ya cika ya batse. Ɗanyen kifi ba ya jure tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Maiduguri, balle ta Anacha ko Legas, don haka banda ta zama dole: a yanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗora a kan wuta hayaƙi ya ratsa shi, a ɗura a buhu, daga baya a kwali, a ɗaure da igiya. Gingimari ta ɗauka, ta kwana a hanya, ta sha mai a Potiskum ta wuce.

A cikin waɗannan kwalaye akwai tarwaɗa, karfasa, bargi, gaiwa da giwan ruwa. Akwai kuma wanda dillali ba ya bari a cakuɗa shi da sauran, wato ɗan sarki, wanda wasu masunta ke kira yauni. Tsokarsa fara ce mai kauri, mutanen kudu suna biyansa da tsada, kuma a ƙasar Yarbawa har cikin kayan biki yake shiga. Siffarsa ma daban take. Dogo ne, yakan haura mita ɗaya da rabi, nauyinsa ya kai kilo 18. Ba shi da fiffiken ciki, ba shi da na wutsiya. Jelar tasa siririya ce tsirara. Fiffike guda ne ya bi gadon bayansa tun daga wuya har kusan ƙarshe, yana kaɗawa kamar gefen zane a igiyar shanya. Da shi yake tafiya gaba, da shi yake komawa da baya, jikin kuwa a miƙe sambal. Masanin dabbobi na Faransa Georges Cuvier ya ba shi sunan Gymnarchus niloticus a 1829, kuma har yanzu shi kaɗai ne a danginsa, Gymnarchidae, ana samunsa daga kogin Nilu zuwa Chadi, Kwara, Bolta, Sanagal da Gambiya.

Masunta sun daɗe da sanin halinsa. Idan damina ta cika fadama, yakan shiga cikin ciyawa ya haɗa sheƙa mai yawo a kan ruwa, a zuba ƙwai kusan dubu, manya-manya, kowane ya kai santimita ɗaya. Yana gadin sheƙar, kuma mai gangancin kai hannu zai sha cizo. Baturen da ya fara rubuta wannan dalla-dalla shi ne John Samuel Budgett na Jami'ar Kambirij, wanda ya ga sheƙunan a kogin Gambiya ya buga bayaninsu a 1901. Ya nuna cewa 'ya'yan na ƙyanƙyashewa cikin kwana biyar da dogayen zaruruwan numfashi a waje da wuyansu. Budgett bai daɗe ba. Zazzaɓin da ya kwaso a yankin bakin Kwara ya kashe shi a 1904 yana ɗan shekara 31.

Abin da masunci ba zai iya sani ba shi ne ɗan sarki na da lantarki, domin hannu ba ya jin sa. Kifin lantarki a wurin Bahaushe minjirya ce. Ita ba ta ɓoye kanta: jan da take yi na iya kai bolt 350, kuma yaron da ya taɓa damƙarta a cikin taru ba ya mantawa. Misirawan dā sun zana ta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, malamin Bagadaza Abdullaɗif al-Bagdadi kuma ya bayyana ta a littafinsa kan Masar wajen shekarar 1200.

Asirin ɗan sarki a Ingila ya tonu. Hans Lissmann, shi ma na Kambirij, ya ga kifin a gidan dabbobi na Landan yana tafiya da baya cikin sauri, yana shiga lungu jela a gaba ba tare da ya buga komai ba, alhali idanunsa ƙanana ne marasa ƙarfi. Da ya samu guda ya saka wayoyin awo a cikin ruwan, sai ya tarar jelar na fitar da lantarki mai rauni ba dare ba rana, kusan sau 300 a kowace daƙiƙa. Ya buga wannan a mujallar Nature a 1951. Ya lura idan aka taje gashi aka kusanto da matajin jikin gilashin, kifin na firgita. Ya bi sawun danginsa har kogunan arewacin Gana, sannan shi da Ken Machin suka shirya gwajin da ya kashe gardama a 1958. Sukan nutsa tukwanen yumɓu biyu iri ɗaya, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da sandar gilashi a ɓoye a ciki, su koya wa kifin cewa abinci na bayan ɗaya daga ciki. Ido ba ya bambanta su, amma kifin bai yi ta kuskure ba, ko da kaurin sandar bai wuce milimita 2 ba. Lantarkin da jela ke fitarwa yana kewaye jikinsa. Duk abin da ya shigo, dutse ne ko kifi, yana karkatar da shi, fatar kai kuma tana jin wannan karkata. Miƙewar jikin nan da masunta ke gani tana taimaka wa awon kada ya rikice. A ruwan fadama mai laka, da dare, wannan ya fi ido amfani nesa ba kusa ba.

Daga nan hankalin masana ya koma kan wasu kifaye a can ƙetaren teku. Daga kudancin Meziko zuwa Ajantina, musamman a kogin Amazon, akwai rukunin Gymnotiformes, kifaye masu siffar wuƙa, iri fiye da 200, dukkansu masu lantarki. Wanda ya san ɗan sarki zai ɗauka 'yan uwansa ne: dogon jiki, siririyar jela, tafiya gaba da baya. Sai dai nasu dogon fiffiken a ƙarƙashin ciki yake, ba a baya ba. An saba raba su dangi biyar. Gymnotidae ne ke ɗauke da shahararren dogon kifin nan mai kisa da lantarki, wanda a 2019 aka gano iri uku ne ba ɗaya ba, kuma an auna ɗayansu da bolt 860. Rhamphichthyidae masu dogon baki ne, wasunsu na binne kansu a yashi da rana. Hypopomidae gajeren baki gare su, ba haƙora. Apteronotidae su kaɗai ke da ɗan fiffiken wutsiya, kuma injin lantarkinsu daga jijiya aka gina shi ba daga tsoka ba, shi ya sa wasunsu ke bugawa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa. Na biyar, Sternopygidae, a cikinsu ne masana biyu na Japan, Watanabe da Takeda, suka gano a 1963 cewa idan kifi biyu masu bugu kusan iri ɗaya suka haɗu, kowane yakan ɗan sauya nasa don kada su rikita juna. Daga baya aka tarar ɗan sarki ma haka yake yi.

Kama da wane dai ba ta wane. A lissafin masana, kifayen wuƙa na Amurka ta Kudu sun fi kusa da tarwaɗa da minjirya, shi kuwa ɗan sarki danginsa na kusa su ne kifin miligi da 'yan uwansa, sannan bargi, wanda ba shi da lantarki ko kaɗan. Kowane ɓangare da kansa ya samu wannan baiwa, kuma an ƙiyasta hakan ya faru kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Dillalin da ke jera bargi kusa da ɗan sarki ya fi dacewa da littafin masana fiye da mai haɗa shi da minjirya.

A daidai lokacin da ake waɗannan bincike, ruwan da ɗan sarki ke ciki ya fara ja da baya. Farin 1973 ya raba Tafkin Chadi gida biyu, na 1984 ya ƙara, har faɗinsa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Giwan ruwa da tsage, masu son buɗaɗɗen ruwa, suka yi ƙaranci. Masu shaƙar iska daga sama ne suka jure, irin su tarwaɗa, gaiwa, bargi da ɗan sarki, wanda jakar iskar cikinsa ke yi masa aikin huhu. Wani abin da ya yi wa ɗan sarki illa yana can saman kogi: madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja, Nguru da Gashuwa, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, ga dumba, jerin gurar Mali da ake tare hanyar ruwa da ita, tana kwashe manya da ƙanana. Kifin da sai ciyawa ta nutse yake yin sheƙa, shekarar da fadama ba ta cika ba bai da wurin haihuwa.

Rikicin Boko Haram ya zo ya ƙara. Bayan harin Baga na Janairun 2015 masunta da dillalai suka watse, sojoji suka daɗe suna hana safarar kifin tafkin, motocin banda suka yi ƙaranci a titin Damaturu. Tarwaɗar kiwo ce ta cike wani ɓangare na giɓin, domin ita an iya ƙyanƙyasarta a gona. Ɗan sarki bai ba da wannan haɗin kai ba: mafarauci ne mai cin kifi, har da ƙananan jinsinsa, kuma masu gwada kiwonsa galibi 'ya'yan da aka ɗebo daga sheƙar daji suke saya.